Zaitun Dutsen Abzin da Geron Damargu

Ƙasar Tenhya, wadda a tsarin mulkin Nijar na yau ƙaramar hukuma ce cikin gundumar Tanut ta jihar Damagaram, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kiwo ce mai yashi da ƙarangiya da itatuwan kandili jefi-jefi, kuma babu wani dogon dutse a cikinta da zai ja hankalin mai nazarin tsirran tsaunuka. Duk da haka, tarihin tsirran da ba safai ake samunsu ba a ƙololuwar duwatsun Abzin, ɗaruruwan kilomita arewa da ita, ba ya cika sai an haɗa shi da tarihin wannan fili da na gonakin Damargu da ke kudancinsa, domin ta wannan yanki ne raƙuman Abzin suka riƙa gangarowa kowace shekara, kuma watannin da suke yi a kudu su ne watannin da itatuwan dutse ke samun hutu daga bakinsu.

Manyan duwatsun Sahara, wato Ahaggar na Aljeriya da Tibesti na Chadi da Abzin na Nijar da Jabal Marra na yammacin Sudan, sun bambanta da hamadar da ke kewaye da su ta fuskar sanyi da damshi, saboda zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 duk hawan mita 1,000, kuma ɗan ruwan da ya sauka a kan dutse yakan taru cikin tsagogi da ƙoramu maimakon ya nutse a yashi. A zamanin da masana ke kira lokacin damshin Afirka, wanda ya ƙare kimanin shekaru 5,000 da suka wuce, Sahara ƙasa ce mai ciyawa da tafkuna, kuma shaidar hakan tana nan a siffar raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabus, arewa da Agadas, da kuma tsohuwar makabartar Gobero a Tenere, wadda tawagar Paul Sereno ta gano a shekarar 2000, inda ƙasusuwan mutane ke kwance kusa da na kifi da kada da dorina. Da ƙasa ta bushe, tsirran da ba su jure zafi suka ƙare a fili, suka saura a tuddai kaɗai, kowane dutse da nasa, ba tare da hanyar da iri zai ƙetara daga wannan zuwa wancan ba. Su ne ake nufi da ragowar tsirrai, wato jinsunan da suka taɓa yaɗuwa sa'ad da yanayi ya dace da su, sannan suka maƙale a ƙananan mafaka bayan ya sauya.

Daga cikinsu akwai furen ƙararrawa, wanda masana ke kira Campanula, dangi mai jinsi sama da 400 da mafi yawansu ke tsirowa a ƙasashen arewa masu sanyi, musamman tsakanin gaɓar Bahar Rum da duwatsun Kokesas. Ƙaramin tsiro ne mai siririn kara, furensa galibi shuɗi ko mai launin shuni, buɗe a baki kuma rufe a gindi. Masanin tsirrai Bafaranshe René Maire, wanda ya yi aiki a Ahaggar a 1928, shi ne ya bayyana jinsin Campanula bordesiana na tsakiyar Sahara, kuma shi ya raɗa wa wani jinsi na Tibesti suna Campanula monodiana don girmama Théodore Monod. Rauninsu a fili yake. Tsiron da gidansa bai wuce 'yan tsagogi masu inuwa a wani kwari guda ba, 'yan shekarun fari a jere ko garken awaki da ya saba da wurin sun isa su shafe shi, kuma in zafi ya ƙaru ba shi da mafita sai hawa sama, alhali dutse yana da iyaka. Tahat na Ahaggar ya kai kusan mita 2,900, Emi Kusi na Tibesti ya haura 3,400, amma ƙololuwar Abzin, Idukal-n-Tagas a duwatsun Bagzan, mita 2,022 ce kawai, saboda haka wurin gudu a Nijar ya fi ƙunci.

A Abzin, tsiron da ya fi wakiltar wannan rukuni, kuma aka fi sanin halinsa, shi ne zaitun daji da Abzinawa ke kira aleo, masana kuma Olea europaea subsp. laperrinei, sunan da Battandier da Trabut suka fara ba shi a 1911 da sunan hafsan sojan Faransa François-Henry Laperrine. Yana tsirowa a Bagzan da Tamgak da Gerebun, galibi sama da mita 1,500, a bakin ƙoramun dutse da cikin tsagogi, a wuraren da ruwan shekara sau da yawa ba ya kai milimita 100. Ganyensa siriri ne, kore a sama, fari-fari a ƙasa, 'ya'yansa ƙanana ne marasa tsoka, itacensa kuwa mai tauri ne ƙwarai. Inda dabba ba ta kaiwa yakan miƙe ya zama bishiya sosai, inda kuwa baki ke kai masa sai ya dunƙule ya zama kurmi mai gajerun rassa da ƙananan ganye, har wanda bai sani ba ya ɗauka jinsi biyu ne.

Binciken da Fabien Anthelme da Guillaume Besnard da abokan aikinsu na Nijar suka wallafa a 2008 ya nuna abin da ya fi tayar da hankali game da shi, wato rashin sababbin tsirrai da suka fito daga ƙwaya. Itacen yana rayuwa ne ta hanyar tohowa daga gindi, ta yadda kututture da yawa da ke tsaye kusa da juna za su iya zama bishiya guda a asali, wadda ta yi ta sabunta kanta ƙarni bayan ƙarni. Wannan dabara tana tsawaita rai, amma ba ta haifar da sabon iri, ba ta kuma kai itacen wani sabon wuri; kuma da yake iska ce ke ɗaukar ƙurar furensa, kuma yana buƙatar wata bishiya dabam kafin ya yi 'ya'ya, nisan da ke tsakanin bishiyoyi ya zama cikas na biyu. Duk gindin da ya mutu, ke nan, an yi asarar da ba ta da madadi. Darajarsa ba ta tsaya ga tarihi ba, domin yana iya barbara da zaitun gona, kuma juriyarsa ga fari abu ne da manoman Bahar Rum ke ƙara buƙata. Haka nan a Abzin ɗin ake samun dangin gero da na dawa na daji, waɗanda ke da irin wannan daraja ga manomin Damargu kansa.

Tambayar tarihi ita ce yadda irin wannan itace ya kai zamanin yau a ƙasar da mutane da dabbobi suka daɗe suna zaune, kuma wani babban sashe na amsar yana kudu. Abzin bai taɓa ciyar da kansa ba. Lambunan Timiya da Iferwan da Tabelot suna ba da alkama da dabino da kayan miya, amma abincin yau da kullum gero ne, geron kuwa daga Damargu yake zuwa, ƙasar da Dagirawa masu dangantaka da Barebari da Hausawa manoma suka zauna a garuruwa irin su Farak da Jajiduna da Gangara da Olelewa, ƙarƙashin ikon ƙabilun Abzinawa irin su Imuzurag da Ikazkazan da Kel Ewe. Heinrich Barth, wanda ya ratso Abzin a 1850 ƙarƙashin kariyar Annur, shugaban Kel Ewe na Tintellust, ya gangaro tare da ayarin gishiri, ya shiga Damargu a watan Janairu na 1851, kuma a Tagelel, inda Annur ke da gandu da bayi, ya rabu da abokin tafiyarsa James Richardson, bayan 'yan kwanaki kuma da Adolf Overweg, ya nufi Tasawa da Katsina da Kano. Abin da ya gani, rumbuna a jere da hatsi mai araha bayan makonni na hamada, shi ne masana tarihi Paul Lovejoy da Stephen Baier suka bayyana daga baya da tattalin arzikin bakin hamada, wato tsarin da masu raƙuma ke mallakar gandaye da abokan hulɗa a kudu, su dogara da su a shekarun wadata, su fake a cikinsu a shekarun fari. Wajibi ne a faɗi cewa tsarin ya tsaya ne a kan bauta da harajin dole, kuma manomin da ke auna gero ga ubangidansa bai yi haka don son itatuwan Bagzan ba.

Zagayen shekara na Kel Ewe, kamar yadda Gerd Spittler ya bayyana shi bayan dogon zama a Timiya, yana da kusurwa uku. Da ƙarshen damina, bayan raƙuma sun ƙoshi, maza kan yanki ciyawa su ɗaure ta dami-dami, domin tsakanin Abzin da Fashi da Bilma babu abin da amale zai ci, kuma akan ajiye wani kaso a hanya don dawowa. A wajen watan Oktoba madugu ya ja ayari ya ratsa Tenere ɗauke da gero, a can a musanya shi da dabino da kantu, wato gishirin dabbobi da ake zubawa a mazubi ya daskare, da kuma beza, gishirin ci. Akan naɗe kantu cikin tabarmin kaba da ragowar ciyawa don kada ya karye, domin karyayyen kantu ya rage kuɗi a kasuwa. Bayan ɗan hutu a gida, ayarin ya juya kudu, ya ratsa Tegama da filayen kiwon da ke arewa da Tanut, ya sauka Damargu daidai lokacin da aka gama girbi. Nan ake sayen gero tun yana da araha, a bar shi ajiya a rumbun amintaccen mai masauki, a ci gaba da sayar da gishiri kasuwa-kasuwa har ƙasar Kano. Raƙuma kuwa su kwana a gonaki, su ci kara da harawa da ganyen gawo, su bar taki, mai gona ya yi murna har ya kawo fura. Sai bazara ta ƙarato ake ɗora hatsi a koma arewa.

Lissafin a bayyane yake: manyan dabbobin da suka fi kai baki ga rassan sama suna barin Abzin fiye da rabin shekara, kuma a daidai watannin rani da ciyawa ke ƙarewa, lokacin da dabba ke komawa kan itace. Waɗanda suka rage a dutse mata ne da yara da awaki, kuma su ma suna da ƙa'idojinsu. Makiyayiya takan riƙe doguwar sanda mai ƙugiya ta karkaɗo 'ya'yan kandili da ganyensa maimakon ta sare reshe, saboda bishiyar da aka sare bana ba za ta ciyar da garke baɗi ba. Itacen jiga, wanda Abzinawa ke kira agar, ana ɗaukarsa mazaunin aljanu, kuma wannan tsoro ya kare shi daga gatari fiye da yadda doka za ta yi. Ba daidai ba ne a mai da wannan zamani aljanna, domin awaki suna hawa inda raƙumi ba ya zuwa, kuma a shekarar fari akan sassare abin da aka saba kiyayewa. Amma nauyin yana da lokacin sauka, kuma bishiyar da ke tohowa daga gindi hutu take buƙata fiye da komai.

Tsirran dutse su ma kayan fatauci ne. Filasko na Abzin, ganyen da ake sha don wanke ciki, ya bi hanyar Fezzan zuwa Tarabulus tun ƙarni na 18, tazargade mai ƙamshi da ɗaci kuwa, wanda dangin Artemisia ne, har yau ana saninsa a kasuwannin Hausa a matsayin maganin da ke zuwa daga arewa. Matan Bagzan sun yi suna da haɗa magungunan ganye, sana'ar da 'ya ke gada daga uwa, wadda Susan Rasmussen ta rubuta littafi a kanta a 2006, kuma su ne suka fi kowa sanin kwarin da kowane ganye ke fitowa da watan da ya dace a tsinke shi.

Tsarin ya fara rushewa cikin shekaru ashirin kacal. Rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta ratsa Abzin da Damargu a 1899, tana ƙwace raƙuma da abinci, ta isa Damagaram a watan Nuwamba. A 1900 aka kashe Musa, shugaban Imuzurag, a yaƙin Tanamari, ikon Abzinawa a kan manoman Damargu ya karye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin Tarabulus, wanda gashin jiminar Damargu ke cikin kayansa, ya mutu, sannan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta biyo baya. Kawsan, Ba'ikazkaze da aka haifa a Damargu, ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, kuma ramuwar da ta biyo baya ta kwashe mutanen dutse, ta hallaka garkuna, ta tura dubbai zuwa Damargu da ƙasar Kano. Angus Buchanan, wanda ya taso daga Kano a 1920 yana tara tsuntsaye da namun daji don gidan tarihin Lord Rothschild, ya bi ta Damargu ya hau Bagzan, ya tarar da ƙauyuka da yawa kango. Ayarin gishiri ya farfaɗo daga baya, domin gero da kantu ba su daina neman juna ba, sai dai bai koma ƙarfinsa na dā ba.

Canjin da ya fi zurfi ya zo ne a hankali, daga kudu. Yawan jama'a da shekarun ruwa na 1950 zuwa farkon 1960 sun tura gonaki arewa cikin ƙasar kiwo, har gwamnatin Nijar ta kafa doka a watan Mayu na 1961 da ta shata iyakar arewa ta noman damina, bisa layin da ruwan shekara ke kai milimita 350, ta keɓe abin da ke bayansa ga makiyaya. Dokar ta zauna a takarda, gonaki suka ci gaba da hawa. Farin 1973 da na 1984, wanda mutanen Nijar ke kira El-Buhari, sun kashe raƙuma masu yawa, manyan motoci suka karɓe wani kaso na jigilar gishiri da hatsi, kuma iyalai da dama a Abzin suka koma lambu, suna noman albasa da dankalin Turawa da tafarnuwa, daga baya da injin ban ruwa. Mai lambu ba ya tafiya Kano da dabbobinsa. Zama wuri guda ya ƙaru, buƙatar itacen girki da na gini ta ƙaru, garke kuma ya koma kewaya ƙoramu ɗaya rani da damina.

A cikin wannan yanayi aka kafa gandun kare halittu na Abzin da Tenere a watan Janairu na 1988, mai faɗin hekta miliyan 7.7, bayan shekarun aikin haɗin gwiwa tsakanin ma'aikatan gandun daji na Nijar da ƙungiyoyin WWF da IUCN, inda John Newby ya taka rawa. An ƙidaya tsirrai sama da jinsi 350 a cikinsa, kuma tun farko an bar makiyaya da masu lambu su ci gaba da zama, in ban da sashen tsakiya da aka keɓe wa barewar hamada mai suna adaks. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, amma a 1992, da tawayen Abzinawa ya kori ma'aikata, aka mai da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, inda ya shafe sama da shekaru 30. Tawayen 2007 zuwa 2009 da haƙar zinariya da ta ɓarke a arewacin ƙasar tun 2014 sun ƙara nauyi. Jiminar Abzin mai jan wuya ta kusan ƙarewa a daji cikin shekarun rikicin farko. Hankalin masu ba da tallafi ya fi karkata ga namun daji, abin da ba shi da wuyar fahimta, tun da barewa tana da kyau a hoto, tsohon kututturen zaitun kuwa ba mai kula da shi sai wanda ya san shekarunsa. A Tassili na Aljeriya an bi itacen tarut ɗaya bayan ɗaya har aka ƙidaya 233 a farkon wannan ƙarni, kuma irin wannan ƙidaya ta gindi-gindi ita ce matakin farko na kare duk wani tsiro da ba ya haihuwa.

Wani binciken na Anthelme a Abzin ya nuna cewa ƙananan kandili sun fi tsira idan suka tsiro cikin tushen afazo, ciyawar hamada mai kauri da masana ke kira Panicum turgidum, domin tana ɓoye su daga awaki, tana kuma rage musu zafin ƙasa. Ma'anar wannan ita ce gyaran daji ya fi dogara ga sassauta kiwo na ɗan lokaci fiye da shinge ko dashe mai tsada, sassauta kiwo a dutse kuwa ba ya yiwuwa sai dabba tana da wurin zuwa. A nan ne dokokin ƙasa suka shigo cikin batun tsirrai. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta watan Mayu na 2010 sun amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, sun tabbatar da iyakar 1961, sun kuma ɗora wa hukumomin filaye alhakin shata burtali da kare mashaya. Aiwatarwa ita ce matsala, musamman a Tanut da Balbeji, inda gona da makiyaya ke goga kafaɗa. Karan gero da dā ake barin raƙumi ya ci a musanya da taki, yanzu manomi yana tattara shi ya ɗora a kan bishiya ko rumfa don dabbobinsa ko don sayarwa a bazara, rijiyoyin da wasu masu hali suka haƙa a ƙasar kiwo sun sa ruwa ya koma na kuɗi, kuma kowace kaka makiyayan da suka gangaro daga arewa sukan tsaya a bakin gonaki suna jiran ranar da hukuma za ta ayyana sakin gonaki, ranar da takan yi jinkiri idan girbi ya makara, ko da ciyawar arewa ta riga ta ƙare.